Wa Ya Tsiyaye Man Jambal?

Wani mai neman dawakinsa ne ya fara ganin motar Jambal da hantsi, tsaye a gefen hanya ƙasa da Jan Mashigi, maƙare da buhunan fulawa da alewar bikin Farin Wata, sabuwar shekararmu. Jambal kuwa can gaba aka same shi, a zaune bayan wani dutse, ya cusa hannuwansa cikin hannun riga kamar mai jiran a miƙo masa shayi. Sanyi ya riga ya gama da shi. Da aka buɗe injin aka zaro sandar awon baƙin mai, sai ta fito a bushe ƙarau. Injin ya ƙone ne, ya bar mutum a tsakiyar ƙanƙara.

Duk kwarinmu babu wanda ya yarda cewa sakaci ne. Tun muna da sauran ƙuruciya Jambal ke jan wannan tsohuwar motar Rashar mai kama da burodi, shi ke kai mu gari, shi ke dawo da mu. Mutumin da kan kwanta a ƙanƙara kullum da safe yana gasa wa injin ciki da wuta kafin ya tashe shi, shi ne zai bari mai ya ƙare masa? Ashe ke nan wani ne ya tsiyaye man. Kuma ba a daɗe ana neman suna ba, don akwai Sodnom.

Sodnom baƙo ne daga kudu. Ya taɓa zaman gidan yari kan satar doki tun yana saurayi, kuma irin wannan labari ya fi mai shi saurin tafiya. Jambal ne ya ba shi mafaka a gindin dutsensu, inda iska ba ta kaiwa, ya kafa ger ɗinsa, wato zagayayyen tantin da muke zama a ciki, da garken tumakinsa. Shekara da shekaru bai ɗauki ko allurar kowa ba, amma baƙin jininsa na muzuru ne, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Renchin, ƙanen marigayi, ya riga ya yanke hukunci: Sodnom ya kwashe kayansa ya bar gindin dutsen kafin biki, sannan a haɗa shi da 'yan sanda. Wanda duk ya san tumaki masu ciki ya san abin da fitar da su fili a wannan sanyi yake nufi. Ko ɗaya ba za ta ga bazara ba.

Mijina, Dashnyam, mai bin sawu ne. In an sace dabba shi ake kira, ya sunkuya ya karanta ƙasa kamar yadda lama, malamin addininmu, ke karanta littafi. Sai dai kunnensa ya yi nauyi, bakinsa kuma dama can a rufe aka haife shi. Saboda haka tare muke tafiya, shi ya duba ƙasa, ni Pagma in yi magana da mutane. Mutane na cewa da ba don ni ba da tuni an manta yana da murya, ni kuma ban taɓa musa musu ba.

Matar marigayi ce da kanta ta aiko a kira shi.

*

Mun sami Tsermaa zaune gefen murhu, fitilar man shanu na ci a gaban hoton mijinta. Tare muka tashi da ita, tare muka koyi tatsar nono, amma ranar nan da ƙyar na gane fuskarta. Renchin na zaune a wajen manya, ya miƙa wa mijina, wanda nake ce wa tsohona, kwalbar garin taba, suka shaƙa suka mayar wa juna.

"Dashnyam guai, ni ban ga abin bincike ba," in ji Renchin, yana haɗawa da guai ɗin da muke girmama manya da shi. "An ga mutumin nan kwance ƙarƙashin motar Yaya da sifana a hannu. Idona ya gani."

"Yaushe?" na tambaya.

"Farkon watan nan."

Tsermaa ta ɗago kai. "Wannan ni na sa shi. Na sayo man inji na lokacin sanyi a wurin Nansal mai gidan mai, galan biyu, irin na Japan mai tsada. Ranar da maigidan ya tafi duba dawaki na ce wa Sodnom ya juye tsohon ya zuba sabon, don in ba shi mamaki. Tarin nan nasa ya hana ni barci, Pagma. Tsoho da ciwon ƙirji, kullum kwance a ƙanƙara yana hura wuta."

"To ka ji!" Renchin ya buga gwiwarsa. "Ya ga mai mai tsada, ya san inda notin yake. Ko dai rabi ya zuba, ko ya dawo daga baya ya tsiyaye. Je ku rumfarsa ku ga jarka cike da mai."

Na sunkuya na maimaita wa tsohona a kunne. Ya gyaɗa kai, ya shanye shayinsa.

Da za mu fita Tsermaa ta riƙe hannun rigata. "Ku nemo mini gaskiya," ta ce. "Ko wane ne. Ba zan iya kunna masa fitila ina zaune ban san wanda ya kashe shi ba."

*

Sodnom ya riga ya fara kwance igiyoyin ger ɗinsa. Matarsa na ɗaure kwanuka tana kuka ba sauti. Bai jira mun tambaya ba, ya shiga rumfa ya jawo jarkar ya dire a gabanmu.

"Ga ta nan, Yaya Pagma. Tsohon man ne da na juye. Na ajiye don in shafa wa ginshiƙan shinge da bazara."

Tsohona ya buɗe jarkar ya karkata ta. Ko motsi man bai yi ba. Ya tsoma tsinke, ya fito da shi baƙi ƙirin, a daskare kamar man shanun da ya kwana a waje.

"Sabon fa?" na ce. "Duka ka zuba?"

"Har sai da ya kai alamar sama a jikin sanda. Sauran na zuba masa a kwalba na sa bayan kujera. Galan ɗin ma suna wurin Yaya Tsermaa, ta yanke su tana ɗibar hatsin 'yan maruƙa."

"To ina man ya tafi?"

Ya dubi ƙasa. Na san shirun marar gaskiya, na sha ganinsa a wurin ɓarayin shanu. Wannan ba irinsa ba ne. Shirun mutumin da ke riƙe da garwashi a tafin hannu ne, ya ƙi yarwa don kada ya faɗa kan wani.

"Sodnom, tumakinka za su mutu fa," na ce masa. "In ka san wani abu ka faɗa."

"Ban ɗauki ko ɗigo ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Raina ya ɓaci, na ce wa tsohona a kan hanya wannan mutum taurin kai ne zai kashe shi. Ya ce, "Uhm." A wurinsa wannan doguwar magana ce.

*

Washegari muka hau dawaki muka tsallaka mashigin zuwa garin gunduma. Nansal mai gidan mai, wadda kuma ke sayar da abinci a gefe, ita ce ta ga marigayi ƙarshe da rai. Mace ce da ba a tambayarta sau biyu.

"Kai, Yaya Pagma, har yanzu kina jan wannan kurman naki? Ku zauna, miya na kan wuta. Marigayi ai nan ya ci abinci ranar. Lafiyarsa ƙalau, har yana tsokanata wai namana ya girme shi. Amma ni fa ina da wanda nake zargi. Wasu masu haƙar zinariya su biyu, idanunsu kamar na kerkeci, sai zagaya motar suke yi. Irin waɗannan ko man fitilar kakarsu za su sace."

Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba. Baƙin da ba a san sunansu ba sun fi kowa sauƙin ɗora wa laifi. Na ja tsohona zuwa inda motar ta tsaya. Sawun tayoyinta na nan, don babu motar da ke da irin wannan faci a tayar baya sai ita. Ya zagaya wurin a durƙushe. Ga sawun takalman mutum biyu, sun leƙa ta taga, sun wuce abinsu.

"Babu wanda ya kwanta a nan," ya ce. "Ba a tsiyaye mai a tsaye."

Babu kuma ɗigo ko ɗaya a inda cikin motar yake. Amma a baya, daidai bakin salansa, akwai wani baƙin tabo a kan ƙanƙara. Ya daɗe yana kallonsa.

Kafin mu tafi na tambayi Nansal ko man nata na jabu ne. Ta kusa jifana da ludayi.

"Jabu? A rufe yake zuwa! Duk masu sababbin motoci shi suke sha, ko wane irin sanyi, murɗa makulli ɗaya injin ya tashi. Marigayi da kansa ya yaba mini. Ya ce matarsa ta 'yanta shi daga bauta."

*

A hanyar komawa muka bi sawun motar. Jambal mutum ne mai girmama duwatsu. Duk tarin duwatsun ovo da ke bakin hanya sai ya tsaya, ya bar injin a kunne, ya sauka ya zagaya ya ƙara dutse. A kowane ɗaya kuwa muka tarar da tabon nan a bayan sawun tayoyi. A na kan mashigin tsohona ya sauka daga doki, ya cire safar hannu, ya dangwali tabon ya murza tsakanin yatsunsa. Ya miƙo mini.

Maiƙo ne. Ba busasshen baƙin hayaƙi ba, maiƙo mai santsi da ƙaurin ƙonannen mai.

"Ta salansa ya fita," ya ce. "Injin ne ya sha."

"Haba tsoho! Mota ta ƙone mai haka, a ce babu wanda ya ga hayaƙi?"

Ya nuna hancin dokina, inda tururi ke fita fari fat. Sai na gane. A irin wannan sanyi kowace mota tana jan farin girgije a bayanta, wa zai tsaya ya bambance shuɗin da ke ciki? Agogon man motar kuwa ya mutu tun zamanin da 'ya'yanmu ke rarrafe. Kwalbar da Sodnom ya ce ya sa bayan kujera mun same ta a ƙasa kusa da inda motar ta mutu, babu komai a ciki. Marigayi ya zuba ta ne bayan aikin gama ya gama.

Na ce, "To shi ke nan, Sodnom ya fita. Mu je mu faɗa."

Bai hau doki ba. "Motar nan ta daɗe tana shan mai kaɗan-kaɗan," ya ce. "Shi kuma kullum yana dubawa yana ƙarawa. Me ya hana shi wannan karon?"

Ban so tambayar ba tun daga jin ta.

*

Ba mu shiga ger ɗin Tsermaa ba, muka wuce bayan shinge inda motar ke kwana. A daidai inda injin ke tsayawa akwai wani ɗan kwari a ƙasa, inda wutar kowace safiya ta narkar da ƙanƙara ta sake daskarewa. Dusar da ta sauka a tsakiyar wata ta rufe shi ruf, lumui, babu alamar wuta ko gwiwar mutum a kanta.

Kusa da wurin akwai turken ɗaure doki. A jikinsa an rataye wani tsumma mai baƙin maiƙo a kan ƙusa. Duk wanda ya taɓa zuwa neman mota da sassafe ya san tsumman nan. Jambal kan kunna wutar ya tura ƙarƙashin injin, kuma tunda man mai kauri yakan ɗauki lokaci kafin ya saki, sai ya zaro sanda ya goge da tsumman, ya mayar, ya duba. Ba wai tunawa yake yi ba, jiran wutar ne ke sa shi.

Tsumman ya sandare kamar busasshiyar fata. Dusar tsakiyar wata na zaune a kansa, babu hannun da ya taɓa ta.

Tsohona ya ciro shi a hankali, ya sa cikin rigarsa.

"Kada ka nuna wannan," na ce masa da ƙarfi a kunne. "Ka ce injin ne ya sha, ka tsaya nan. Ka ji ni?"

"Zan gwada," ya ce.

*

An taru a ger ɗin Tsermaa da azahar. Renchin da dattawa a sama, mata a gefen murhu, Nansal ma ta zo a bayan babur ɗin ɗanta don kada labari ya wuce ta. Sodnom na tsaye a bakin ƙofa. Babu wanda ya ce ya zauna, babu wanda ya miƙa masa shayi, kuma a wurinmu ko maƙiyi ba a yi wa haka.

Tsohona ya yi magana a gajarce. Babu wanda ya tsiyaye mai. Na cikin jarka tsoho ne. Masu zinariya sun leƙa sun wuce. Injin ya tsufa, cikinsa ya saki, tsohon man mai kauri ne ke toshe masa hanyoyi. Da ya sami tsinkakke sai ya riƙa zarcewa yana ƙonewa tare da fetur, yana fita ta salansa tun daga nan har gari.

Nan ya tsaya. Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka mun tsira.

"Tatsuniya!" Renchin ya miƙe. "A ce ma haka ne. Yayana da ke duba mai kullum kamar mai duba jariri? Da ya ragu da yatsa ɗaya da ya gani. Sai dai in dare ɗaya aka kwashe shi. Dashnyam guai, girmanka ne ya sa nake saurare, amma in ba ka da abin da ya fi wannan, gobe mutumin nan zai bar dutsenmu."

Dattawa suka gyaɗa kai. Gaskiya ce ya faɗa gwargwadon abin da ya sani, shi ya sa ban iya jin haushinsa ba. Tsohona ya dube ni. Na kau da kai. Ya sa hannu cikin riga.

"Ni ne!" Sodnom ya yi tsalle ya shigo tsakiya. "Laifina ne. Tun ina zubawa na ga man kamar ruwa, na san tsohon inji ba ya riƙe irinsa. Na so in yi magana, na ga Yaya Tsermaa tana murna, na ce ni wane ne, baƙon da aka taimaka, da zan kushe kyautar mutane. Na haɗiye. Ku bar shi haka, Dashnyam guai. Zan tashi."

Amma Tsermaa ba shi take kallo ba. Idonta na kan bakin tsumman da ya leƙo daga rigar tsohona.

"Ba ni shi," ta ce.

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta matsa, ya ƙi lanƙwasuwa. Ta fi kowa sanin tsumman, daga tsohuwar rigarta ta yanka masa shi.

"A kan turke kuka same shi?"

"E."

"Da dusa a kai?"

Tsohona ya sunkuyar da kai. Wata mata daga baya ta yi gunaguni wai garin neman gira an rasa ido. Da hannuna ya kai gare ta da ta ji a jikinta.

Tsermaa ta yi magana a hankali, kamar da hoton take yi. "Ranar farko ya fita da abin hura wutar, na ce masa ajiye, murɗa makulli kawai. Ya murɗa, ta tashi. Ya tsaya yana dariya kamar yaro. Daga ranar, lokacin da ya saba kwanciya ƙarƙashin mota sai ya zauna nan, kan wannan kujera, mu sha shayi tare har rana ta fito. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa shan shayin safe da shi ba sai watan nan." Ta dubi tsumman. "Wata safiya ma ya miƙe zai fita, ya ce bari ya leƙa motar. Na riƙe shi na ce shayinka zai huce."

Renchin ya koma ya zauna.

Tsermaa ta tashi, ta ɗauko kwanon azurfar marigayi, wanda babu mai taɓawa tun ranar da ya rasu, ta cika shi da shayin madara. Ta ratsa mutane ta miƙa wa Sodnom da hannu biyu.

"Zauna, ƙanena. Ka mayar da igiyoyinka. Shi ya ba ka gindin dutsen nan, ba mu ba."

Sodnom ya karɓa. Renchin ne ya matsa ya ba shi wuri kusa da shi, bai iya kallon fuskarsa ba.

*

Tumakin Sodnom sun haihu a mafakarsu, kusan duka sun rayu. Shi ke yi wa Tsermaa faskaren itace har yau. Ita kuwa ta ninke tsumman ta ajiye gefen fitila, kuma tun daga ranar ta daina shan shayi da safe. In na je wurinta da wuri takan dafa mini, ta zauna tana kallona ina sha.

A hanyarmu ta komawa gida ranar taron nan, dawakinmu na tafiya kafaɗa da kafaɗa. Can na ce, ba da ƙarfi ba, don da kaina nake yi, "Da ma masu zinariyar nan ne."

Mutumin da sai na yi ihu a kunnensa yake jin an ce abinci ya nuna, sai ga shi ya juyo.

"Da ma," ya ce.